Awon Ƙafar Baba Lado

Duk Safana babu wanda bai san bakin Musbahu mai walda ba. In ka wuce ta gaban rumfarsa da sabuwar riga, zai tambaye ka wa ya mutu ya bar maka. In ka kawo babur gyara, kafin ya ɗauki sifana sai ya yi wa babur ɗin jajen samun ubangida irinka. Mai shayi ya sha, mahauci ya sha, har liman yana samun rabonsa in ya ja sallar Juma'a da yawa. Mutum ɗaya ne tak wanda in ya doso, bakin nan ke mutuwa murus kamar wayar da caji ya ƙare: Baba Lado direba na Batsari, uban matarsa Zuwaira.

Kunyar surukai ce irin ta dā, wadda ba ta san zamani ya zo ba. Tun da aka ɗaura aure ba su taɓa haɗa ido ba. Baba Lado bai taɓa kama sunan Musbahu ba, sai dai ya ce "mutumin Safana". Musbahu kuwa ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba. In akwai magana tsakaninsu, sai a nemi wanda zai ɗauke ta daga wannan bakin ya kai wancan kunnen, ko da suna zaune kan tabarma ɗaya.

Baba Lado yana da a-kori-kura, tsohuwa tukuf. An ce fara ce lokacin ƙuruciyarta, yanzu dai launin hanya gare ta. Da ita yake jigila tsakanin Batsari da Yasore da Ruma: gero, rogo, awaki, tsofaffi masu zuwa asibiti, duk wanda rana ta kama. Hanyar nan ba a son tsayuwa a kanta, ba a kuma son yamma ta same ka, saboda mutanen daji. Tun da fetur ya yi tashin gwauron zabi, shi ma ya koyi abin da duk direbobin layin suka koya: da an zo gangara sai a kashe inji, a saki giya, mota ta gangara a kan kuɗin Allah.

To nan ne gizo ke saƙar. Ƙarƙashin bonet, daidai gaban direba, akwai wata baƙar tukunya da makanikai ke kira busta. Ita ke zuƙar iska daga inji ta taya ƙafa taka birki. Inji ya mutu, ita ma sai ta yi barci, birki ya koma kamar dutse. Ta motar Baba Lado kuwa ba barci kaɗai take ba, robar cikinta ta yage, tana huci kamar kumurci. An sa mata ta hannu daga Katsina, ta mutu. An ƙara sa wata, ta bi 'yar'uwarta.

Ɗanmaraya ne ya kawo motar Safana, an jawo ta da igiya. Shi ne ɗan kamashon tashar Batsari, sa'an Baba Lado, kuma shi ne gadar da maganar surukan ke bi.

"Surukinka ya ce a duba," in ji shi.

"Ya ce a duba, ko ya ce a yi mata sallah? Baba Ɗanmaraya, wannan ai likkafani take jira."

"Ka faɗi haka gabanshi in ka isa."

Musbahu ya yi tari, ya buɗe bonet.

Dama akwai abin da ya daɗe yana cin ransa. Ya taɓa gani a waya yadda masu tseren mota ke cire tukunyar nan gaba ɗaya, su ƙera ɗan akwatin ƙarfe, su ɗaura fedar birki a ciki, ta riƙa tura man birki kai tsaye. Babu iska, babu roba, babu ruwanka da inji yana raye ko ya mutu. Ƙafarka ce kawai da ƙarfe. Ya yi wa Ɗanmaraya bayani, hannu na yawo a sama.

"Wato za ka cire mata huhu ka ce ta yi numfashi."

"Zan cire mata munafuki ne. Wanda ke taimakonka a tudu ya gudu a gangara, ai gara babu shi."

Ya duƙufa. Ya yanko ƙarfe mai kauri daga sasin wata matacciyar mota, ya lanƙwasa, ya yi walda har idonsa ya yi ja. Ya samo masta biyu ƙanana, wato famfunan da ke tura man birki, ɗaya na ƙafafun gaba, ɗaya na baya. Ya ƙera feda. Aiki dai ya fito kamar a sa shi a gilashi a riƙa kallo.

Saura abu ɗaya, kuma Musbahu ya san da shi sarai. Feda irin wannan kamar sifana take: mai dogon hannu ta fi kwance noti cikin sauƙi. Inda ka huda ramin da za ta riƙa juyawa a kai, shi zai nuna ko birkin zai yi laushi ko zai yi tauri. Ba a huda ramin nan da ka. Sai mai motar ya zauna a kujerarsa, an ga tsawon ƙafarsa, an ji ƙarfinta. Ɗinki ne, sai da awo.

"To in taho da shi gobe," in ji Ɗanmaraya.

Musbahu ya aje guduma. "Ka taho da wa? In sa Baba ya zauna, in tsuguna tsakanin ƙafafunsa, ina ce masa taka, saki, taka, saki? Ni? Da wane bakin?"

"Da wanda kake zagin jama'a da shi."

"Wancan na kasuwa ne. Ba a shiga da shi gidan surukai."

Ya kalli Ɗanmaraya sama da ƙasa ko zai yi aron ƙafarsa, ya ga mutumin ko a benci ƙafarsa lilo take. Sai ya shiga motar da kansa. Ya ce ai shi da Baba kusan tsayinsu ɗaya, namiji kuma namiji ne. Ya auna da ƙafarsa, ƙafar da ke wuni tana buga kik ɗin baburan mutane, da yamma ta tafi filin ƙwallo. Ya huda rami. Ya fita da motar hanyar Dutsinma, ya kashe inji, ya taka. Ta tsaya cak, har kansa ya kusa gaisawa da gilashi.

Aka mai da mota Batsari. Saƙo ya dawo ta bakin Ɗanmaraya tare da rabin buhun rogo: "A ce wa mutumin Safana madalla. Allah shi yi albarka." Musbahu ya yi sati yana ba mutane labarin yadda ya mai da akwala motar tsere.

Damina ta ja baya, aka fara yankan gero. Zuwaira ta je suna Batsari ta kwana biyu. Da ta dawo, tana tuƙa tuwo, shi kuma yana zaune bakin ƙofar madafa yana tsokanarta wai ta ƙara ƙiba da tuwon gidansu, sai ta ce, ba ta ko juyo ba:

"Inna kullum sai ta dafa ruwa ta gasa wa Baba gwiwa."

"Tsufa ne. Ke ma yana nan tafe."

"Ta kumbura. Ta dama. Sallah ma a zaune yake yi in ya dawo daga hanya."

"Tun yaushe?"

Ta ci gaba da tuƙi. Muciya ta yi zagaye uku ko huɗu kafin ta ce, "Ya ce duk wanda ya kawo maganar Safana bai yafe ba. Don haka ni ban ce komai ba. Miƙo mani murfin can."

Ya miƙa mata. Tuwon ranar bai san ɗanɗanonsa ba.

Da safe ya kira Ɗanmaraya, wai gaisuwa. Ya zagaya, ya zagaya, ya tambayi lafiyar tasha, sannan ya tambayi mota.

"Lafiya lau. Sai dai surukinka ya zama jirgin ƙasa. In zai tsaya tasha, tun daga gidan mai yake fara shiri. Shekaranjiya ya wuce mu, sai da teburin mai lemo ya tare shi."

"Bai ce komai ba?"

"Ya ce teburin ne aka aje kan hanya. Kai, ka san halin abokina. Aikin da mijin ɗiyarshi ya yi mashi kyauta, ko wuta ce zai ce sanyi gare ta."

Musbahu ya kashe waya ya zauna kan tsohuwar taya. Wani ya wuce da hula sabuwa fil, ja kamar barkono, ya rage tafiya yana jiran a tanka masa. Ba a tanka ba.

Abin da ke damunsa shi ne, babu wanda ya yi ƙarya. Shi ya ji kunyar ya auna, Baba ya ji kunyar ya ce bai yi daidai ba. Kowa ya yi ladabi iyakar ladabi. Ga shi ladabin ya hau mota yana ɗaukar mutane, yana gangara da su rafi. Ya yi tunanin ya aika a karɓo motar ya ƙara wa fedar tsawo a ɓoye. To da wane awon? Ya ƙara kaɗan, ba ta isa ba. Ya ƙara da yawa, feda ta taɓa ƙasa birki bai gama kamawa ba, wanda ya fi na farko muni. Duk ta inda ya biyo da lissafin, sai ya dawo kan ƙafar nan da bai isa ya kalla ba.

Washegari da hantsi yana tashar Batsari. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya gaida Baba Lado, kai a ƙasa, gaisuwa mai tsawo: gajiya, iyali, amfanin gona, hanya. Sannan ya gaya wa Ɗanmaraya, da ƙarfi yadda za a ji, cewa akwai injin niƙa da zai duba a Yasore.

Baba Lado, dogo, siriri, farin gemu, ya dubi wata bishiya can gefe ya ce, "A ba shi gaba."

"A ce wa Baba baya ta ishe ni."

"Ku dai Allah shi shirye ku," in ji Ɗanmaraya. "Ga ku ga juna, sai na yi ta dakon magana kamar jaki."

Musbahu ya haye baya, ya samu wuri tsakanin buhunan gishiri da wata tsohuwa mai riƙe da kaji. Ya zauna daidai ɗan gilashin da ke bayan direba. Daga nan yana hango ƙeyar Baba Lado da kafaɗarsa da gwiwarsa ta dama.

Suka bar kwalta suka kama burji. Gonaki hagu da dama, an yanke gero an jingina. Tsoho ya iya tuƙi, wannan ko maƙiyi ya sani. Amma Musbahu ya lura ba ya taɓa birki sai dole. Rami tun yana nesa zai sauko da giya, inji ya yi gurnani, mota ta rage da kanta. Duk dabarar da shekaru suka koya masa ya fito da ita, don kawai kada ƙafarsa ta je kan abin da mijin 'yarsa ya ƙera.

Sai gangaren rafin da ke kafin Yasore. Hannun Baba Lado ya tafi kan makulli da kansa, kamar yadda ya saba. Inji ya mutu. Shiru ya sauka, sai ƙarar tsakuwa da kukan kaji. Mota ta fara ɗaukar gudu. Suna shan kwana sai ga shanu sun cika mashigi, makiyayi na bayansu da sanda a kafaɗa.

Musbahu ya manna fuska a gilashi. Ya ga tsohon ya taka. Ya ga ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana jan kansa gaba, ya ɗaga daga kujera, jijiyar wuyansa ta fito. Ya ga ya ɗauko ƙafar hagu ya ɗora kan ta dama. Motar tana ragewa, amma irin ragewar mai bashi da aka ce ya tsaya. Tsohuwa mai kaji ta fara salati ƙasa-ƙasa. Wata farar saniya ta ɗago kai tana kallonsu, ba ta da niyyar gusawa.

Suka tsaya. Hancin motar ya ture ta a kwiɓi, turewa ta raini, ta matsa tana kaɗa wutsiya. Makiyayin ya dube su, ya dubi saniyar, ya wuce. Wani ɗan kasuwa a baya ya ce ai Lado gwani ne, da wani ne da yanzu ana fiɗa. Aka yi dariya. Musbahu bai yi ba. Yana kallon hannun tsohon da ke neman makulli, ya kasa samunsa sai a karo na biyu.

A Yasore aka tsaya gindin tsamiya. Fasinja suka watse, masu sauke kaya suka ɗauki gishiri suka yi cikin gari. Baba Lado ya buɗe ƙofa, ya juyo da ƙafafunsa waje, amma bai sauko ba. Ya zauna yana jan carbi, wai hutawa yake.

Musbahu ya zagaya motar sau ɗaya. Ya duba tayar da ba ta da komai. Babu Ɗanmaraya, babu Zuwaira, babu ko akuyar da za a ce ta kai saƙo. Ya zo gaban ƙofar ya durƙusa.

"Baba, sannu da hanya."

"Yauwa. Injin niƙan yana can bayan masallaci."

"Babu injin niƙa, Baba."

Carbi ya tsaya.

"Birkin nan na zo gani. Da ƙafata na auna shi. Ba haka ake yi ba."

"Birki lafiya lau. Aiki ya yi kyau. Na aika a faɗa."

"An faɗa. Na kuma gani ta gilashi."

Baba Lado ya dubi tsamiya. Can cikin gari wata mata tana daka, taɓarya na sauka ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ke iya sa kasuwa guda dariya, ga shi yana laluben kalma kamar mai neman allura cikin yashi. Da ya rasa, sai ya miƙa hannu, ya buɗe tafinsa a ƙasa, daidai gaban ƙafar dama.

"Ka taka nan, Baba. Kamar birki."

"Subhanallahi. In taka hannun mutum?"

"Hannun makaniki ne. Ya saba."

Wani abu ya motsa a gemun tsohon, ko murmushi ne ko me, Musbahu bai ɗago ya tabbatar ba. Sannan takalmi ya zame ya faɗi. Tafin ƙafa ya sauka a hannunsa, busasshe, da faso, da zafi kamar na mai zazzaɓi. Musbahu ya tallafe dunduniyar da ɗaya hannun, ya kafe gwiwar hannunsa a cinya.

"Taka."

Ya taka.

"Ƙara."

Ya ƙara. Ƙafar ta yi rawa. Musbahu ya ji nauyin da ya zo masa, ya gwada shi a ransa da wanda fedar ke nema, ya ga ko rabi bai kai ba. Da ɗan wannan ƙarfin tsohon ya yi ta tsai da mota cike da mutane tun kafin gero ya nuna.

"Iyakar ke nan, Baba?"

"Iyakar ke nan."

Ya auna tsawon ƙafar da taƙi, daga dunduniya zuwa gwiwa. Gwiwar ta cika wando tam. Ya sauke ƙafar a hankali ya mai da mata takalminta.

"Zan sake huda ramin, in ƙara wa fedar tsawo, in sa masta mafi ƙanƙanta. Za ta yi laushi sosai." Ya goge hannu a wando. "Amma akwai inda ƙarfe ke tsayawa. In na kai can ƙafar ba ta isa ba, to ba ta isa tuƙi ba."

Ya jira a ce masa yaro bai san wuta ba. Ya jira a ce ana tuƙi tun uwarsa ba ta san za ta haife shi ba. Baba Lado ya mai da carbi aljihu. Ya dafa ƙofa ya sauko, ya tsaya har ƙafar ta yarda ta ɗauke shi, sannan ya zagaya ta gaban motar yana ɗingishi, hannu kan bonet. Ya buɗe ɗaya ƙofar ya shiga. Makulli na nan a jikin mota. Musbahu ya shiga kujerar direba.

Masu komawa Batsari suka fara taruwa, da rogo, da buhunan sabon gero, da wata mai ciki da aka ce a kai asibiti. Wani ya leƙo ya ga wanda ke kujerar direba, ya ga wanda ke gefensa, ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa.

Musbahu ya tada inji. Tsakaninsa da surukinsa babu ko taƙi biyu, kowa ya ba ɗan'uwansa kunne, wannan na kallon hanya, wancan na kallon gonaki. Sun kusa gangaren rafi kafin Baba Lado ya yi magana, fuskarsa na waje.

"Ka yi mata abin da za ka yi. In ƙafar ta isa, to. In ba ta isa ba, kai za ka faɗa mani. Kada ka aiko Ɗanmaraya."

"To, Baba."

"Kuma ka kashe injin nan. Man ba na gwamnati ba ne."